Ruwan Da Ya Shigo Ta Ƙarƙashin Ƙofa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Daga Dubai nake rubuto miki, daga ɗakinmu na unguwar Karama. Yanzu na dawo daga makaranta, ko mayafi ban cire ba. Kafin komai, lafiyarmu ƙalau, ni da surukinki, don na san tambayar da za ki fara yi ke nan. Maganar akwatinki ce ta zaunar da ni.

Bayan rasuwarki, ƙannena suka yafe min akwatin ƙarfen nan naki kore, mai zannuwanki. Ƙanwata Hadiza ta ce ke kika kulle shi da hannunki kafin a kai ki asibiti, kuma ba wanda ya taɓa shi. A jirgin kaya ya biyo ni. Ɗakinmu na Karama mu uku ne a ciki, wurin shimfiɗa sallaya ma sai an yi layi, saboda haka muka kai shi inda surukinki yake aiki, wani ɗan tsibiri a gaɓar Oman. Asibitin can ya ba shi gida mai ɗaki biyu da rufin kwano, kusa da bakin teku. Ya ɗora akwatin a saman wadirof.

Duk zamansa a can ban taɓa buɗe shi ba, Inna. In na je hutu, sai in taka kujera in sa hancina a bakin murfin. Ƙamshinki yana fitowa kaɗan-kaɗan, turaren wuta da kanumfari da man kaɗanya. Tsorona kada in ɗaga murfin iska ta kwashe shi gaba ɗaya. Abin da ya rage min naki ke nan, ina ta lallaɓa shi.

Da aka fara sanarwa cewa wata babbar guguwa ta taso daga tsakiyar teku ta nufo gaɓar, har murna na yi don na samu darasi. Kin san ni da aji. Na zana wa yarana ita a allo, na kawo baho da ruwa na sa suka yi ta hura shi da baki suna dariya, suna kallon yadda iska ke tura ruwa ya haye gefe. Na ce musu su riƙe wannan, haka teku yake hawowa tudu. Da bakina na faɗa.

Da yamma surukinki ya kira. Wanda kike ce wa Likita, duk da ya sha gaya miki shi gwajin jini kawai yake yi. Ya ce an hana ma'aikatan asibiti motsi, su kwana can kan tudu har abin ya wuce, ga gida ba wanda zai kintsa. Na nemi izini a makaranta, na bi mota, na hau jirgin fito.

Na sauka na tarar da sama tas, ba gajimare ko na magani. Zafi kawai, da wani irin shiru. Masunta suna ta jan kwale-kwalensu da motoci, suna wuce titi da su, suna kai su can gindin dutse. Na tsaya na kalle su, na ce a raina mutanen nan akwai himma, na wuce.

Ina shiga gidan hannuna ya san abin yi, ban ko yi tunani ba. Ke ce kika dawo min. Gidanmu na Gwammaja in hadari ya haɗo daga gabas, kina tsakar gida kin ci ɗamara, kina cewa, "Ku kwashe shanya! Ku kifa turmi! Ke wannan, komai ƙarƙashin gado!" Mu kuwa muna ta guje-guje, rabi tsoro rabi wasa.

Kin tuna shekarar da iska ta yaye rufin ɗakin Baba ta kai shi gidan maƙwabta? Duk abin da ke kan kanta ya jiƙe, har rediyonsa. Buhun geron da kika tura ƙarƙashin gado kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Kika kalli Baba kika ce, "Malam, abin da yake ƙasa ai ba ya faɗuwa." Kin yi shekaru kina tsokanarsa da rediyon nan.

To haka na yi. Na ari tsani, na hau da duwatsu da tsofaffin tayoyi na danne kwanon, kusurwa-kusurwa. Na buga katako a tagogi, na fasa farcena wajen buga ƙusa ban ji zafi ba sai da na ga jini. Na cika jarkoki da ruwan sha. Na cire tukunyar gas na shigo da ita. Na kwance igiyar shanya, na shigo da kujerun roba da bokitai, duk abin da iska za ta iya ɗauka ta jefi wani da shi.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ake kira Ummu Salim, ta leƙo ta katanga ta ga rufin. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce da ni da Larabcinta mai sauri, "Habibti, duk garin nan ba rufin da ya kai naki nauyi. Ko aljani ba zai ɗaga shi ba." Ta miƙo min dabino a faranti. Da na mayar mata da farantin na hango tsakar ɗakinta, an ɗora firji a kan tebur, katifu an naɗe an rataye su da igiya kusa da silin. Na ce a zuciyata, baiwar Allah, in kwano ya tashi ai su ruwa zai fara samu. Larabcina na Islamiyya ne, bai kai in ba ta shawara ba, sai na koma gida.

Da azahar surukinki ya samu ya zo na ɗan lokaci. Na ce ya sauko min da akwatin. Ya ɗaga kai ya kalle shi, ya ce, "Malama, nan ɗin ma ai lafiya lau yake." Na ce in rufi ya tafi fa? Ya ce, "To, 'yar Inna ta yi magana." Yana saukowa da shi yana nishi, yana cewa wai ko duwatsu kika tara a ciki don ki gwada ƙarfin surukinki. Muka ja shi zuwa ƙuryar ɗaki, nesa da taga, muka ajiye a ƙasa. Na lulluɓe shi da leda, na ɗora katifa a kai, na jera robobi a kan katifar don su tare yoyo. Na tsaya na duba, na ji daɗin aikina. Na ce da kina nan da kin yaba.

Jirgin fito na ƙarshe ya ce mutane kawai zai ɗauka, da abin da hannu zai iya riƙewa. Makullin akwatin yana wuyana, rataye a jikin zare. Kafin in fita na durƙusa a gabansa, na ɗaga gefen katifar. Zan iya buɗewa in zari zane ɗaya in sa a jaka, ba abin da zai hana. Na riƙe makullin har ya yi ɗumi a hannuna. Sai na mayar da shi cikin riga, na ja ƙofa na kulle.

Ranar da guguwar ta sauka ina Karama, muna cin abincin rana a gaban talabijin ni da Fati, 'yar Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya, mai aiki a otal. Aka nuno wani gari a gaɓar. Rufin gidajen duk suna nan. Teku ne ya tsallako titi, a hankali, kamar wanda aka gayyata, yana shiga ƙofa-ƙofa. Na ga mota tana juyawa a kan ruwa kamar ƙwarya. A nan na tuna bahon da na kai wa yarana. Fati tana ta salati. Ni kuwa na ci gaba da cin shinkafata har na cinye, na tashi na wanke kwanon.

Waya ta mutu a tsibirin. Na ci gaba da zuwa makaranta, ina koyarwa, ina duba aikin gida, ina yi wa yara murmushi. Ba wanda ya ga wani canji, ni ma ban gani ba.

Da layi ya dawo, surukinki ya kira. Ya ce asibiti lafiya, mutanen unguwa lafiya. Ya ce, "Rufinki yana nan, ko kwano ɗaya bai ɗaga ba." Can ya ce ruwan ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo, ya bar shaida a bango daidai ƙugunsa. Katifar ta tashi ta yi yawo a ɗaki da robobina a kanta, a bushe. Wani tsohon kwali da muka bari a saman wadirof, ƙurarsa ma tana nan.

Bai buɗe akwatin ba, ya ce ba huruminsa ba ne. Da hanya ta samu ya kawo min shi har Karama. Muka shigar da shi banɗaki. Makullin ya ƙi juyawa saboda tsatsa, Fati ta ɗauko taɓarya ta buge kwaɗon.

Inna, ƙarnin kifi ne ya fito, da gishiri, da warin rima. Na sa hancina har cikin kayan ina nema. Babu.

Zanenki na rini ya zuba a kan komai. Atamfar da kika ɗaura ranar bikina ta koma shuɗiya, farin mayafinki na sallar Idi ma haka. Amma suna jere yadda kika jera su, manya a ƙasa, kallabi a sama, kowanne da irin ninkin nan naki da kike tura baki ciki. Sun manne da juna sun zama dunƙule ɗaya. Na zauna a bakin baho ina kallo, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Fati ta dafa ni ta ce, "Malama, yalla, tashi. In ba a wanke yau ba, gobe khalas, shi ke nan, sai bola."

Ni na warware su, ɗaya bayan ɗaya. Kowane ninki na buɗe, na san hannunki ne na ƙarshe da ya taɓa wurin. Muka wanke, muka ɗauraye, muka sake ɗaurayewa, ruwan yana fita shuɗi. Muka shanya a baranda har kan wayar maƙwabta. Yanzu ƙamshin sabulu suke yi, irin na kowa.

Har yau ban yi kuka ba. Hadiza ta yi a waya, ta yi nata ta yi nawa. Masu karanta shafina na intanet da suka ji labarin guguwar suna ta yi min jaje, ina amsawa da godiya, kuma da gaske nake. Ina dai jin kaina kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Wani tela a unguwar Satwa ya murza bakin zane ɗaya a yatsunsa, ya ce gishirin ya riga ya shiga zaren, zai ci gaba da cinsa ko an ajiye ko ba a ajiye ba. Ba za su yi ƙarko ba. Saboda haka na aika wa ƙannena nasu, na ba Fati ɗaya. Sauran na jera su inda nake ajiye kayan zuwa aiki. Yau da atamfar bikina na shiga aji, shuɗiya yadda take. Gobe zan ɗaura wani. Haka zan yi ta yi, Innata, har su ƙare a jikina.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki ya cika shi da haske da ƙamshin Aljanna. Allah ya saka miki da alheri a kan duk daminar da kika tsare mu. Ya mayar wa mutanen tsibirin nan abin da suka rasa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya haɗa fuskokinmu. Amin.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Rabi'atu