Kada Ki Warware Hannun Hagu

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramin? Mu nan sai godiya. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ne ke rubuta mini, kin san ni da biro ba ma ga maciji.

Shekarar da gada ta rufta da motoci ba a haife ki ba, yayanki yana goye. Daga nan zan fara, ko kin ce Baba ya tono tsohon labari.

Jiya yayan naki ya kawo saƙonki a kan suwaitar da marigayiya mahaifiyarku ta fara mini ba ta ƙarasa ba. Wai kin auna hannun hagun da ta saƙa, ya gaza da yatsa uku, bakinsa kuma ya yi faɗi. Wai ciwo ne ya ɓata mata lissafi, ranar Asabar za ki warware ki sake.

Kada ki taɓa shi.

Ina cikin ɗaya daga motocin da suka faɗa ruwa ranar da gadar ta rufta. Hannuna na hagu ya karye, ɗori ya kama a karkace, ya gajarta, wuyansa ya yi ƙulli. Duk rigar kanti da na sa sai ta haɗiye mini yatsu, abokan aiki su yi ta tsiya wai aro na yi. Sai mahaifiyarku ta fara saƙa mini suwaita da kanta. Ta rage layi goma sha biyu a hagu. In ta zo ɗaure baki sai ta ɗauko tsinke mai kauri, ta sassauta zare don kada ya matse ƙullin. Suwaita tara ta yi mini haka. Ku shida kuka girma a gidan nan, waye ya taɓa lura hannuwan ubansa ba ɗaya ba ne?

Wannan hannun na ƙarshe tana jingine da filo ta gama shi. Sau biyu ta kwance bakin ta sake, ina zaune ina riƙe mata zare. Ba ta ɓata komai ba.

Yayanki ya ce in buga miki waya. Na ƙi, ba a auna hannu ta waya. Ya ce gwiwata ba za ta ɗauki tafiya ba, na ce ai ba tasa zan ara ba.

Hannun dama kawai za ki saƙa, da cikakken tsawonsa. Direba zai kawo miki takardar nan yau. Gobe da safe ni ma zan shigo motar farko, in kawo miki hannun ki gani da idonki. Ki ajiye tef ɗin awo kusa.

Ki gaida kowa. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki