Gashin Bakina da Askin Sufeto

Gujranwala,
Lahadi, tara ga watan Maris.

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Bhai Naveed,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bhabhi Rukhsana da yara, ya sanyaya muku zafin Maskat, ya sa albarka a nemanka. Mu ma nan lafiya lau. Gwiwar mahaifinmu Abbaji ta yi sauƙi tun da sanyi ya wuce, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Mahaifiyarmu Ammi tana nan da faɗanta, ka san in ka ji ta yi shiru to sai a nemi likita. Ni kuwa ina shago, aiki ya yi mini rubdugu, don zafi ya tunkaro, kowa ya tuna da fankarsa da ta mutu tun bara, yana so in tashe ta yau kafin azahar kamar ni na kashe ta.

Ka tambaye ni sau uku a waya abin da ya sami gashin bakina, bayan hoton da Ammi ta tura muku, inda leɓena ya fito tsirara kamar gwiwar jariri. Na ƙi faɗa maka, domin kai ba a gama ba ka labari ba ka katse mutum da dariya ba. A takarda kuwa ba ka da bakin katse ni. Kuma maganar ta shafi faifan nan na shirin barkwancin ranar Alhamis da ka ce ka samo cikakke, za ka aiko wa Abbaji. Kada ka aiko sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Ka fi ni sanin shirin, tunda kai ka gan shi a talabijin yana sabo, ni a kaset goma sha ɗaya ɗin nan da Abbaji ya naɗa na gan shi, har hoton ya koma kamar ana ruwa a cikinsa. Amma na fi ka haddace shi. Har yau in na tuna mai faɗin yanayin nan da yake buga wa surukarsa waya a gaban jama'a ya tambayi gwiwarta kafin ya ce za a yi ruwa, sai in ajiye abin da ke hannuna. Ko kwandastan bas da yake sayar da kujerar rufin mota a kan cewa bene ne, har da gargaɗin kada mutanen sama su raina na ƙasa. Sai dai ka san wanda ya fi mini, wato askin Sufeto. Mai aski yana karanta jarida yana gyara wa Sufeto gashin bakinsa mai kama da ƙahon bauna. Ya ga an ƙara kuɗin garin alkama, ransa ya ɓaci, ya datse dama. Ya daidaita hagu. Ya ga an ci mu a wasan kurket, ya sake datse dama. Haka har abin ya koma kamar ƙuda ya sauka a ƙarƙashin hanci, Sufeto ya farka daga gyangyaɗi ya ce a miƙo masa madubi. A nan kaset yake yankewa, don a nan aka ɗauke wuta.

Ka kuma tuna abin da ke biyo baya, a zamaninka da nawa. Abbaji ya miƙe ya ce shi ya ga ragowar a shagon wani Haji mai janareta, a kan hanyarsa ta raba wasiƙu. Ya ɗauki jarida a juye, ya zama mai aski, ya karanta wa Sufeto sabuwar dokar gwamnati, cewa daga yau duk gashin bakin da ya wuce tsawon yatsa sai an yanka masa lasin, kuma da manyan ma'aikata za a fara kame. Sufeto ya rungume shi yana godiya ya cece shi. Sannan ya tsaya, ya ƙura wa gashin bakin mai askin ido, ya zaro yatsa ya auna, ya ce, "Kai kuma ina naka lasin?" Shekara ashirin da biyu ina duniya, ban taɓa shakkar haka aka ƙare ba.

To, mako uku da suka wuce na je shagon Chacha Liaqat mai aski rage suma. Wuri cike, ana hirar shirye-shiryen da, aka zo kan askin Sufeto, ni da ba a tambaye ni ba na karɓe zancen na ƙarasa shi har zuwa lasin. Chacha Liaqat ya tsayar da almakashi ya ce babu wani lasin a ciki, shi ya ga abin da idonsa tun ina cikin ƙashin bayan ubana. Na ce masa idon nasa ai mun ga aikinsa a kawunan mutanen unguwa. Ya ce, "Ɗan Abbaji, ka iya karanta takardar ƙunshin ƙosan pakora ba shi ne ka zama farfesa ba." Ka san ni. A nan jinina ya hau, domin a takardun nan na koyi karatun da makaranta ta kasa koya mini, kuma na fi shi sanin abin da ke cikin jaridar da yake shimfiɗa wa gashi. Na kama gashin bakina na ce in babu lasin a ƙarshen wasan nan, ya aske shi yanzu a gaban kowa. Baki shi ke yanka wuya, ni nawa leɓe ya yanka.

Ashe surukinsa ya sayo masa sabuwar waya mai nuna komai. Ya lalubo wasan, muka haɗa kai mu tara a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Sufeto ya ce a miƙo madubi, aka miƙo, ya duba, ya cire takalmi ya bi mai aski suna zagaya kujera, kiɗa ya tashi, shi ke nan. Bhai, iyakarsa ke nan. Na ce a sake, aka sake, takalmin nan bai canza ba. Na zauna a kujera da kaina don kada a ce ɗan gidanmu ya gudu. Chacha yana shafa mini kumfa yana cewa in sake faɗa masa yadda namu ya ƙare, yana dariya har aska tana rawa, ni kuwa na ɗauka ba'a ce, ina ji kamar in haɗiye burushin.

Abin da na yi da na koma gida shi ne abin kunyar, ba leɓen ba. Na tarar da Abbaji a tsakar gida yana shan shayi, na ce masa ya mai da ni abin dariyar unguwa, shekara da shekaru yana shirga mana ƙarya, babu wani Haji, babu janareta. Na faɗi kalmar nan, ƙarya, har sau biyu. Ya dubi leɓena, na ga dariya ta zo masa ta koma. Da la'asar ya tattara kaset ɗin nan goma sha ɗaya, ya ɗaure su a tsohon mayafi, ya sa a saman kabad. Kwana biyar bai tsokani kowa ba. Ammi ta ƙona masa gurasar chapati da gangan don ya yi magana, ya cinye ya ce an gode. Gidan ya zama kamar ofishin gidan waya ranar hutu. A lokacin na gane abin da na fasa ya fi gashin baki wuyar tsirowa.

Rana ta shida Ammi ta tare ni a kicin da safe, ta ce tun da ta haife ni take jiran ranar da hankalina zai riski harshena, har yau yana hanya. Sannan ta ja ni bayan ƙofa ta nuna mini babban makunnin wutar gidan, wanda ke ƙarƙashin mita. Ta ce sau biyu na farko da gaske aka ɗauke wuta, kai kana ɗan shekara shida ka kwanta a ƙasa kana birgima sai ka ga ƙarshe, Abbaji ya rasa yadda zai yi da kai, ya hau rufin ɗaki ya yi zagaye uku ya sauko da ƙarshen a bakinsa. Ta ce mutumin da yake wuni yana taka gari da jakar wasiƙu, ya dawo ba ya iya ko amsa sannu, ranar ta ga ya koma saurayin da ta aura. Daga nan, duk Alhamis in wasan ƙarshe ya kai tsakiya, sai ta ce za ta duba madara a wuta. Bhai, sauran tara ɗin nan duk aikin uwarka ne. An shekara talatin a gidanmu ana tsine wa masu wuta a kan laifin Ammi. Ta ce in na faɗa wa Abbaji za ta aske mini gira ta haɗa da leɓen.

Na koma shagonmu na nemo wasannin duka a wayar maigidana, na kalli ƙarshensu ɗaya bayan ɗaya. Kada in zalunci mutanen, gwanaye ne, ba a sake yin irinsu ba, kuma ƙarshen na kwandasta ya yi kyau ƙwarai. Amma bakwai daga ciki da guje-guje da kiɗa suka ƙare. Mai faɗin yanayi, a wurinsu, ruwa ne kawai ya zubo masa a ka. A wurin Abbaji kuwa, ka tuna, gwiwar surukar ce ta warke, gidan talabijin ya shiga ruɗani, aka tura tawaga ta roƙi likita ya daina ba ta magani har damina ta wuce. Kai ka faɗa mini wanne ne wasa.

Na haɗiye girman kaina, wanda ya fi busasshen chapati wuyar wucewa, na je wurin Chacha Liaqat. Ya ce shi ba ba'a yake yi ba ranar nan, tun daga lokacin duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ba shi labarin lasin, amma ba ya fita daidai a bakinsa, yana so ya ji daga mai shi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kawo shi gida da mutum shida da ƙunshin alawar jalebi. Na hau kujera na sauko da kaset a gaban Abbaji, na durƙusa na ba shi haƙuri, na sa askin Sufeto. Da ya yanke, na ce, "Abbaji, sai me ya faru?" Ya ce in tambayi wayar Liaqat, ita ba ta ƙarya. Sai Chacha Liaqat ya ja kujera tsakiyar ɗaki ya zauna, ya murɗa gashin bakinsa ya lumshe ido, ya ce da muryar Sufeto a miƙo masa madubi. Ammi ta leƙo daga kicin ta ajiye jarida da almakashin ɗinki a kan tebur ta koma.

Abbaji ya ɗauki jaridar, ya juya ta. Bhai, da kana nan da ka yi birgimar da ka yi kana yaro. Ya ƙara abubuwan da ban taɓa ji ba, har da rangwame ga mai gashin baki ɓari ɗaya. Wani tsoho ya sarƙe da jalebi sai da aka buga masa baya. Ana cikin haka muka ji ƙas, sai ga gefen dama na gashin bakin Chacha Liaqat a kan cinyarsa. Abbaji ya dubi almakashin da mamaki, ya ce a yi masa afuwa, hannun tsoho ne, rawa yake yi. Washegari Chacha ya daidaita hagu, bai daidaitu ba, ya sake, ka dai san yadda wasan yake tafiya. Yanzu mu biyu ne masu leɓen jarirai a unguwa, nawa ma ya riga nasa tsirowa.

Da baƙi suka watse ina naɗe tabarma, Abbaji ya kira ni ya rage murya. Ya ce shekara talatin yana raba wasiƙu, ya san kowace taga a layin nan, ina tsammanin zai hau rufin ɗaki ya ga fitilar kowa tana ci ban da tamu ya kasa gane inda madarar take tafasa? Ya ce kada in kuskura in faɗa wa Ammi ya sani, zai ɓata mata aikinta. To ga ni, mai bakin da ba ya riƙe ruwa, an ɗora mini sirri biyu a gida ɗaya. Na sauke maka su don kada in fashe. In ka gama karantawa ka ɓoye takardar inda Bhabhi ba za ta gani ba, don ita da Ammi kullum suna kan waya.

Maganar faifai kuwa, ka aiko shi. Kaset ɗin sun gaji, kuma akwai wasanni kusan arba'in a ciki da Abbaji bai taɓa gani ba, ka ga ke nan arba'in da bai taɓa ƙarasawa ba. Ammi ta ce gwiwarta ba ta kai ta bayan ƙofa da sauri kamar da, ta bar mini makunnin. Na riga na gwada shi, taku huɗu ne daga inda nake zama.

Ka gaishe mini da Bhabhi Rukhsana, ka ce mata na ji ta sa hotona a fuskar wayarta, Allah ya isa. Ka shafa mini kan Zoya da Hamdan, kada ka nuna musu ƙarshen ko ɗaya kafin ku zo hutun Sallah, kakansu yana jiransu. Abbaji da Ammi suna sa muku albarka. Chacha Liaqat yana gaisuwa, hannunsa a kan baki.

Ƙaninka mai saurin baki, mai jinkirin gashi,
Tauqeer