Rigar Sungumi

Daga bariki, Filinge.

Zuwa ga yayana Baushe, a gida, ta hannun Malam Isufu na Tabla.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida Gwaggo Tambara, da matarka Haske, da yara. Malam Isufu, don Allah ka karanta masa a hankali, ka san shi da yanke magana tun ba ta kai ƙarshe ba.

Yaya, kumandan, Nasaran da ke mulkin nan, ya ɓullo da sabon aiki, kuma a kaina ya faɗa, tun da ni ne tafinta. Ya ware ɗaki guda a bariki, ya ce a tara kayan mutanen da na ƙasar Kurfai, gwamna zai zo daga Yamai ya gani, bayan nan a buɗe wa kowa ranar kasuwa. Shi mize yake ce wa ɗakin. Mun shafe bango da farar ƙasa, mun kafa turaku, ga yaƙi da gara kullum. Mutane kuwa sun raina mana hankali. Mai abin kirki ya ɓoye, mai fasasshen tulu ya kawo ya rantse na kakan kakansa ne. Abin arziki da muka samu bai wuce garkuwa ɗaya da kwari da baka da wani tsohon goge ba.

To, wani mai dogon baki ya gaya wa kumandan labarin sungumin kakanmu, wanda ake saran ramin farko da shi kowace damina, ba mai jefa iri a garin sai ya sara. Kumandan ya ce a kawo. Na ce na gidanmu ne, aro kawai za a iya bayarwa, ya yarda. Na ɗauki alkawari zai dawo hannunka kafin ruwan shuka. Gara ka ba ni shi da daɗin rai da a turo gardi, dogarin bariki.

Ka huta lafiya. Ƙanenka, Kailu.

*

Daga gida.

Zuwa ga Ɗanbaba, wanda bariki ke ce ma Kailu.

Mun gaishe ka. Gida lahiya lau, sai zahin bazara.

Na ji takardarka har ƙarshe, ban yanke ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mi Nasara zai yi da sungumi, shi da ba ya noma? Wane ne kuma mai dogon bakin? Duk bariki, ban san wanda ya san hanyar rumbun tsahinmu ba in ba kai ba. Tun da ka kama salla ka bar zuwa saran farko, ka ce mu arna ne, ban ce maka komi ba. Yanzu kuma abin da ka ƙi tsayawa gabanai shi kake so a kai maka har ɗaki.

Da ta ni ce, ba ya hita. Amma ka ambaci gardi, kuma na ga abin da sunka yi a garin maƙwabta shekarar da aka yi gardamar jangali. Gwaggo ta ce a ba ka, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas. Kullum dai kai ne ɗan lelenta.

Ga sharuɗɗa, ka buɗe kunne. Kada a kwantar da shi ƙasa, tsaye yake kwana. Kada a tsallake shi. Kada baƙon hannu ya riƙa shi, kai kaɗai, don ko ka ƙi ko ka so jinin gidan ne a jikinka. Kuma ya dawo tun hadari bai haɗu ba. Ka san mutanen garinga, ko ruwa ya kai gwiwa ba mai shuka in bai sara ba. In munka rasa ruwan farko, yunwar gari duka tana wuyanka.

Haske za ta kawo shi ranar kasuwa, naɗe cikin baƙin zane.

Sai mun ji ka. Baushe.

Ƙari daga mai rubutu: Malam Kailu, ni alƙalami ne kawai. Akwai kalmomi biyu da ya faɗa waɗanda ban rubuta ba, don tawadar da nake rubuta sunan Allah da ita ce. Isufu.

*

Daga bariki, Filinge.

Zuwa ga yayana Baushe.

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso lafiya. Yana tsaye a jikin bango, kansa sama, na ɗaure shi da igiya ga turke. Ba wanda ya tsallake shi, ba kuma hannun da ya taɓa shi sai nawa. Sharuɗɗanka duka na cika su, Allah ne shaida.

Maganar mai dogon baki, ba ni ba ne, amma na san ba za ka yarda ba, don haka na bar ta.

Gwamna ya ɗaga zuwansa, wai motarsa ta lalace. Kada hankalinka ya tashi, sama fes take har yanzu. Aiki ya yi mini yawa. Kowane abu sai an ɗaura masa 'yar takarda da zare, an rubuta sunansa da garin da ya fito. Kumandan mutum ne mai son tsabta ƙwarai. Yana shigowa ya shafa yatsa a kan kaya ya duba.

Ya ce a buɗe ɗakin ranar kasuwa mai zuwa tun kafin gwamna ya zo, don mutane su saba. Ba sai kun wahalar da kanku kun zo ba, hanya da nisa, ga rana. Ka ce wa Haske ta huta.

A gaida Gwaggo. Ƙanenka, Kailu.

*

Daga gida.

Zuwa ga Ɗanbaba.

Gaisuwa kaɗan, don zuciyata ba ta da wurin mai yawa.

Tun da ka ce Haske ta huta na san akwai magana. Yaushe ka fara tausayin ƙafar matata? Na tura ta, ta shiga ɗakin naku tare da 'yan kasuwa, ta dawo tana kuka.

Ta ce ta ga sungumi ɗaure ga turke, da takarda a wuyanai, amma ba namu ba ne. Namu baƙi ne, mai kauri, da rigarshi. Kai ma ka san rigar: gumbar da aka zuba mishi kowace shekara, da jinin jan zakara, da gashin da ya manne, tun daga kakan da ya sari dajin nan har zuwa Baba, har zuwa ni. Wanda Haske ta gani siriri ne, ƙarfen na walƙiya kamar yau ya hito maƙera, ƙotar fara tas. Ta ce har wani zane ta hango a jikin ƙarfen. Namu ba ya da zane, na riƙe shi tun rasuwar Baba.

To, biri ya yi kama da mutum. Ka sa maƙeri ya ƙera maka sabo, na gaske ka ba Nasara ya aika ƙasarsu. Labarin motar gwamna ma ban yarda da shi ba. Mi sunka yi maka alkawari? Doki? Ko babbar riga mai aska?

Ban gaya ma Gwaggo ba tukuna. Tsohuwar da ba ta gani, kullum sai ta tambaya ko ka aiko. Ban gaya ma gari ba, don in sun ji ba ka ƙara taka ƙasar nan. Amma iska ta juya, Ɗanbaba, shamuwa ta iso, ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida. Mutane sun fara gyaran iri suna kallona.

Ka faɗa mini inda sungumin ubanmu yake. Baushe.

Ƙari: Malam Kailu, wannan karon ban rage komai ba. Ka amsa da sauri, mutumin bai ci abinci ba da ya zo. Isufu.

*

Daga bariki, Filinge.

Zuwa ga yayana Baushe.

Ina gaishe ka, ko ba ka amsa ba.

Ban sayar ba, ban musanya ba. Wanda Haske ta gani shi ne namu. Da ma sata na yi, da ya fi mini sauƙin faɗa.

Ranar da na kafa shi, kumandan ya shigo, ya tsaya, ya toshe hanci. Ya ce gwamna ba zai tsaya gaban wannan ƙazanta ba, a kankare shi sai ƙarfe ya fito. Na ce ba dauɗa ba ce, riga ce. Ya yi dariya, ya ce in ina ƙyama ne, ga gardi Hamidu, ya ɗauko magagari. Hamidu har ya miƙo hannu. Sai na tuna ka ce kada baƙon hannu ya riƙe shi. Na duba sharuɗɗanka ɗaya bayan ɗaya, ba inda ka ce kada a wanke. Na san dalili, ba ɗan gidanmu da zai taɓa kawo wannan a ransa, balle ya hana. Na ce wa Hamidu ya bari, ni zan yi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na shimfiɗa baƙin zanen, na tsayar da shi a kai, na kankare da wuƙata. Yaya, ni da nake cewa abin nan ba komai ba ne, a hankali na bi shi, kamar mai yi wa jariri aski. Rigar hawa-hawa take, kamar ɓawon albasa. Ta sama na gane ta, taka ce. Can ciki na ga farin gashi, na tuna shekarar da jan zakara ya ɓace Baba ya yanka fari, muna yara, ka riƙe ƙafafu ni na riƙe fiffike. Daga nan ban ƙara sanin ta wa nake cirewa ba. Ban bar ko ƙwaya ta faɗi ƙasa ba, duk na tara a cikin gora na toshe.

Zanen da Haske ta gani a ƙarƙashin rigar yake. Tsaga ce guda biyu, sun taho a karkace, irin wadda ke kumatunka da nawa. Ni ma ban taɓa sanin tana nan ba.

Gwamna ya zo jiya. Ya daɗe gaban garkuwa, ya sa an ja masa goge. Sungumin ko kallonsa bai yi ba. Da ya tafi na roƙi kumandan, ya ɗaga hannu ya ce in ɗauke.

Ga shi nan na ba Musa mai raƙumi, naɗe yadda ba zai taɓa shi ba, tare da goran. Na cika alkawarin lokaci. Sauran kuwa, ka yi mini hukuncin da ka ga dama.

Ƙanenka, Kailu.

*

Daga gida.

Zuwa ga ƙanena.

Saƙo ya iso. Na kwance, na duba, ban gane shi ba. Na kai ma Gwaggo na faɗa mata komi.

Ta sa an tsayar da shi gabanta. Ta bi ƙarfen da yatsa har ta kai ga tsagar, ta tsaya, ta kai hannun ga kuncinta. Ta ce kakarta ta taɓa gaya mata, ranar da aka ƙera shi an yi mishi aska kamar kowane ɗa na gidan. Ta buɗe goran ta shinshina.

Ni dai ban sani ba. Kai ka kwana ɗakinta kana yaro, wa ya san labarin da ta ba ka, wanda za ka iya kai ma maƙeri? Na faɗa mata haka. Ta ce in rufe mata baki, shi ne.

Amma ta ce tsirara yake, kuma ba a kai tsirara gona. Abin da ke cikin gora ba ya komawa, sai dai a gauraya da iri. Riga sabuwa za a fara, kuma wanda ya tuɓe shi, shi zai fara zuba mishi gumba, ya yanka zakara da hannunai. In ni na yi, ba ta karɓu ba. Na ce mata kai yanzu mai salla ne, ka rantse ba ka ƙara tsayawa wurin. Ta ce ta sani, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

An yi ruwa jiya, Ɗanbaba, mai yawa. Ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Garuruwan da ke kewaye duk sun hita gona tun da sahe. Mu muna zaune, kowa da ƙwaryar irinshi a ƙofar gida, ba wanda ya jefa ko ƙwaya.

Zakaran na ɗaure. Ƙasa ba ta jira.

Yayanka, Baushe.

Ƙari: Malam Kailu, ya tambaye ni ko akwai abin da zan ƙara maka a matsayina na malami. Ga iyakar abin da zan rubuta. Ni ma gonata a garinsu take. Isufu.