Taku Goma Sha Biyu

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya mahaifiyarka da mai jego? Hoton jaririyar ya iso. Na yi ta nuna wa mutane a wurin gadi har abokin aikina ya ce in bar shi ya huta. Wannan hancin nawa ne, kada wanda ya yi mini gardama!

Ga zanen gonar a bayan takarda, da hannuna na yi, karatun yamma bai tafi a banza ba. Itatuwan kashu layi-layi, taku goma sha biyu tsakani, zogale da ayaba a tsakiya. Ganyen da ya zuba a bar shi ya ruɓe, kada ka ƙona kamar bara. Ka auna da takunka, nawa ya gajarta tun da ƙafar nan ta kumbura. Ba wani abu ba ne, likita dai ya hana ni doguwar tafiya.

A baya na ce ku jira ni mu dasa tare. Kada ku jira. Ruwa na sauka ku dasa. Na kusa da rijiya na amaryar tawa ne. In ta isa tsintar 'ya'yansa, ku nuna mata zanen nan.

Allah ya raya mana ita.

Mahaifinka