A Maido Mini da Zagin Dakta Kornfehl

Alois Wondratschek,
Mai kantin magani (mai ritaya),
Unguwar Josefstadt, Viyana.
9 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga:
Mai Girma Farfesa Dakta Emmerich Stiassny,
Shugaban Zauren Likitoci Masu Binciken Zuci,
Josefstadt.

Game da: Riƙe mini wasiƙa da Zaurenku ya yi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina mai sanar da kai cewa na daɗe ina tara wasiƙun da magabatanku suka rubuta wa juna da hannunsu lokacin da suke rigima. Wasu kan sarki suke tarawa, ni kuwa zagin likitoci. Mafi daraja a wurina ita ce wadda marigayi Dakta Kornfehl ya aika wa marigayi Dakta Zelenka a 1927, ranar da suka raba gari a kan mafarkin hawa bene: Zelenka ya ce tsoron uba ne, Kornfehl ya ce begen uwa. A cikinta ya kira abokin aikinsa jaki mai tabarau, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

1. Ranar 2 ga Mayu na ba ku aronta don baje kolin tarihin Zaure. An tashi tun watan Yuni. Har yau ban sa ta a ido ba.

2. Ranar 8 ga Yuli na je wurin sakatarenku, Dakta Prohaska, ɗan ɓangaren Zelenka. Ya nuna mini doguwar kujera ya ce in kwanta, na ɗauka karamci ne saboda ciwon gwiwata. Sai ya zauna ta bayan kaina ya tambaye ni yadda mahaifina ya riƙe ni. Na ce takarda na zo karɓa, ya ce to me takardar take tuna mini. Ina tsakiyar magana ya dubi agogo ya ce lokacinmu ya cika.

3. Na garzaya wurin mataimakiyarka, Dakta Ehrenfels, 'yar ɓangaren Kornfehl. Ta ce duk shirme Prohaska ya faɗa mini, matsalata daga uwa take. Ranka ya daɗe, mahaifiyata mace ce mai mutunci, da gashin burodi ta ciyar da mu, ba ta taɓa ganin wasiƙar nan ba.

4. Da na ɗaga murya, suka ce fushina shaida ce sun taɓo gaskiya. Da na yi shiru, suka ce ɓoye-ɓoye nake. Yanzu na ji Zaure ya rabu biyu a kaina, har mujallarku ta buga bayani kan "Majinyaci W.", kuma abokan kartata a gidan kofi ba sa kirana da wani suna sai shi.

5. Marigayiya matata Hedwig ce ta tsinto wasiƙar nan a kasuwar tsofaffin kaya. Duk ranar da raina ya ɓaci, takan sa tabarau ta karanta mini ita da muryar maza har sai na yi dariya. Ina kewarta ƙwarai. Ina roƙon kada a kai wannan sakin layi gaban taro.

Saboda haka ina neman alfarmar ka ba da umarni a maido mini da kayana, a tsaye, a bakin ƙofa, ba tare da an tambaye ni abin da na yi mafarki ba. Idan kuma Zaure ya yanke shawarar hana ni, ina roƙon kada a buga amsar da tafireta. Ka rubuto da hannunka, da tawada, da iyakar zafin da za ka iya, ka sa kwanan wata da cikakken suna. Akwai gurbi a akwatin da nake tara zagin likitoci.

Ka huta lafiya.

Naka mai ladabi, mai cikakken hankali,
Alois Wondratschek