Abin da Likita Ya Gani a Jinin Yaya Sylvanus

Unguwar Boro,
Kaduna.

Zuwa ga ƙanwata Phoebe,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Kelechi da duk mutanen gidanku a Fatakwal. Yaya nauyin jiki? Ngozika, ƙanwar mijinki, ta biyo shagona da ta dawo daga wurinku, ta ce cikin ya fito sosai, ƙafafunki sun fara kumbura, amma kina nan da bakinki kamar yadda muka san ki. Na yi dariya, rabona da dariya an daɗe. Allah ya raba ku lafiya, ya nuna mana ranar da za mu ji kukan jaririn. Mu nan damina ta kankama, hanyar gidanmu ta koma rafi, masu keke ba sa yarda su shigo. Yara sun koma makaranta, babansu yana nan da tuƙinsa, ɗinki kuma yana tafiya a hankali.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kusan kullum muna waya. Gaskiya ita ce duk lokacin da na ji muryarki sai maganar ta maƙale mini, in ce miki Yaya Sylvanus yana samun sauƙi. Ba ya samun sauƙi, Auta. Mun ɓoye miki saboda halin da kike ciki, amma yanzu halin da kike cikin ne ya sa dole a gaya miki. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa.

Kin san tun bara yake fama da gajiya da ciwon gefen ciki. Duk lokacin da ya tashi masa, sai ya rufe garejinsa a Kakuri ya je kemis, a ce masa taifot ne da maleriya, a haɗa masa ƙwayoyi. Ya sha, ya ɗan warware, ya koma ƙarƙashin mota. Bayan Ista idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, mutane suka ce shawara ce, aka shiga kawo masa jiƙo a gorori, kowa da nasa. Sai da cikinsa ya kumbura har wandonsa ya daina ɗauruwa, sannan ya yarda muka kai shi babban asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitan, wani mutum mai haƙuri, ya zaunar da ni da Maman Tony, matar Yaya, ya ce ciwon hanta ne, irin wanda suke kira hefatayitis B. Ya ce ƙwayar cutar ta daɗe a jikinsa tana cin hantar shiru ba tare da ya ji komai ba, kuma yanzu ciwon daji ya fito a wurin ya bazu. Na tambaye shi ko aiki za a yi. Ya girgiza kai, ya ce da mun zo shekarun baya akwai ƙwayar da ake sha kullum ta danne cutar, amma yanzu abin da za su iya kawai shi ne su rage masa zafi, su riƙa zuƙe ruwan cikin in ya taru.

Aka gaya wa Yaya. Daga baya ya tuna mini da lokacin da matar katikis ɗin cocinmu ta haihu jini ya ƙare mata, maza suka je asibiti bayar da jini. Ya ce a ranar an ɗebi nasa an gwada, sai wani ma'aikaci ya leƙo ya ce masa nasa ba zai yi ba, ya tafi kawai. Shi ya ɗauka jinin ne bai zo ɗaya da na matar ba, ya koma gareji abinsa. Tony ma ba a haife shi ba a lokacin. Ya ce da mutumin ya ƙara masa kalma biyu. Bai ƙarasa maganar ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

A ranar da ya zaunar da mu ɗin, likitan ya tambaye ni me ya kashe mahaifiyarmu. Ke kina ƙarama a lokacin, ba lallai ki tuna ba. Na gaya masa yadda cikin Mama ya kumbura a Zonkwa, idanunta suka canza, ta rame har ana ɗaga ta da hannu ɗaya, da yadda mutanen ƙauye suka ce guba aka ba ta a wurin biki. Ya ce ba zai iya rantsewa ba tunda bai gan ta ba, amma ga alama ciwon nan ne, kuma mafi yawan masu ɗauke da shi a ƙasarmu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same shi, da yawa daga wurin uwa a lokacin haihuwa. Ya ce duk wanda ya fito daga cikin Mama ya je a gwada shi, da 'ya'yanmu, da waɗanda muke aure.

Na yi gwajin. Ina da shi, Phoebe. Ni da ban taɓa kwanciya asibiti ba sai don haihuwa. Sun ƙara wasu gwaje-gwaje, sun ɗora ni a kan ƙwaya guda kullum, sun ce ba ta warkarwa, dannewa take yi, kuma zan riƙa zuwa hoton ciki muddin raina. Babansu ba shi da shi, an fara masa allurar rigakafi. Ƙananan yarana biyu da na haifa a asibiti, aka yi musu allura a ranar haihuwa, su ma ba su da shi. Amma Diana tana da shi. Kin tuna a gida na haife ta, a Zonkwa, lokacin da babu motar da za ta kai ni ko'ina, sai da ta yi kusan wata biyu kafin a kai ta rigakafi. Na zaunar da ita na yi mata bayani yadda aka yi mini. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko za su karɓe ta a makarantar nas da take ta buri, na ce ban sani ba. Ta tambaye ni ko akwai wanda zai aure ta, na ce akwai, amma ta ga fuskata. Washegari na tarar ta ware kofinta da cokalinta ta ajiye a kan taga. Na mayar da su cikin sauran, ta sake fitarwa. Har yau muna wannan.

Abin da ke ƙara karya mini zuciya shi ne likita ya faɗa, nas ta maimaita, cewa ba a ɗaukar ciwon nan ta cin abinci a kwano ɗaya, ko gaisawa, ko zufa, ko tari. Ta jini ne, da kwanciyar aure, da haihuwa, da reza ko allura ko buroshin haƙori da wani ya yi amfani da su. Amma wa zai ji? A gidan hayar su Yaya da ke unguwar Television, maƙwabta sun hana 'ya'yansu shiga ɗakin. Matar da ke ɗakin kusa da su ta ɗaure igiyar shanyarta daban. Mutumin da Yaya ya gyara wa mota kyauta ba sau ɗaya ba, yanzu daga bakin ƙofa yake cewa sannu, hannunsa a aljihu. 'Yan kwayar coci, waɗanda Yaya ya yi shekaru yana rera waƙa a cikinsu, sun zo ranar Lahadi sun yi masa waƙa, Allah ya saka musu, amma na ga yadda aka bar ruwan da Maman Tony ta kawo ba wanda ya taɓa.

Ita Maman Tony an gwada ta, an ce cutar ta taɓa shiga jikinta amma jikin ya kore ta da kansa, yaransu kuma lafiya lau. Na zaci wannan zai kwantar mata da hankali, sai ya zama akasin haka. Cewa take in da cuta ce ta jini ai da ta kama ta, don haka hannun mutum ne, wani ne a gareji yake baƙin ciki da shi. Ta kai shi wani gidan addu'a a Trikania inda aka sa shi azumi, mutumin da ko kunu ba ya iya shanyewa. Ta karɓo wani baƙin jiƙo da aka ce yana wanke hanta, ya sha ya yi ta amai har da jini, muka koma asibiti a guje. Likita ya roƙe mu da Allah mu daina, ya ce hantar da ta rage ba ta iya ɗaukar irin waɗannan abubuwa. Ba na ganin laifinta. Mijinta ne yake narkewa a gabanta, asibiti sun ce ba su da abin yi, waɗancan kuwa suna ce mata akwai.

Ben kuma ya ƙi gwajin. Yayanki ne, kin san taurin kansa. Na bi shi har wurin da yake sayar da kayan waya a Sabon Tasha, na yi lallashi, na yi faɗa. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba zai je ya nemo wa kansa abin da zai hana shi barci ba. Ya ce ya ga abin da sani ya yi mini, ya ga abin da ya yi wa Diana, kuma bai ga amfanin da sani ya yi wa Yaya ba. Ga shi yana shirin kai kayan gaisuwa gidan yarinyar da yake nema, ita kuma ba ta san komai ba. In kin samu ƙarfi ki yi masa magana, wataƙila ya ji taki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ki ɗauki takardar nan ki je wurin da kike awo, ki ce a gwada ki hefatayitis B, ki ambaci sunan da bakinki, kada ki ɗauka yana cikin gwajin da suka riga suka yi. Wataƙila ke kin tsira, ba kowane ɗa ne yake ɗauka ba, kuma wannan nake roƙon Allah dare da rana. In kuma kina da shi, likita ya ce akwai maganin da ake ba wasu masu ciki a watannin ƙarshe, su za su duba su gaya miki. Amma ko kina da shi ko ba ki da shi, ki haihu a asibiti, kuma a yi wa jaririn allurar rigakafin ciwon hanta a ranar da ya zo duniya, kafin awa ashirin da huɗu ta cika. Ki tambaya tun yanzu ko suna da ita a ajiye, kada ranar ta zo a ce miki ta ƙare ki dawo mako mai zuwa. Ki sa Kelechi ya tsaya a kansu.

Na san nauyin da na ɗora miki. Na san dole ki gaya wa mijinki, shi ma a gwada shi, kuma ban san yadda danginsa za su karɓi maganar ba, su da tun farko ba su so ya auro 'yar Arewa ba. Ngozika ce za ta kawo miki takardar nan, amma ban gaya mata abin da ke cikin ambulan ba. Kelechi mutumin kirki ne, ki fara da shi ku biyu, in ya yiwu ku je wurin likita tare ya ji daga bakinsa.

Yaya ne ya ce in rubuta. Na je jiya na tarar da shi a jingine da filo, hannuwansa kamar sillen kara, cikin kuma a gaba. Wani lokaci tunaninsa yana rikicewa, ya kira ni da sunan Mama, amma jiya yana cikin hankalinsa. Ya ce in gaya wa Auta kada ta kuskura ta hau motar Kaduna da wannan cikin, ko a ce mata me. Ya ce shi an riga an makara, ni da Diana sai abin da Allah ya yi, amma wanda ke cikinki ba a makara ba tukuna. Fadan cocinmu ya zo ya shafa masa man addu'ar marasa lafiya a makon jiya. Likita bai faɗi lokaci ba, ni ma ban tambaya ba, amma ba na jin zai ga Kirsimeti.

Ki gaishe mini da Kelechi da Mama surukarki. Maman Tony tana gaishe ki, da Tony da ƙannensa. Diana ta ce a gaida Anti. Babansu ma yana gaisuwa, da matan zumuntar coci da suke tambayarki kullum. Ki sa mu a addu'a, ni addu'ar tana yi mini nauyi a baki kwanakin nan.

Ki kira Yaya da safe, bayan an ba shi magani, lokacin ne yake da ƙarfin magana. Kada ki bari sai mako mai zuwa.

Yayarki,
Scholastica