Katuna Goma Sha Uku a Gwangwanin Madara

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Kana da rai ma ban rubuto maka ba, sai yanzu da babu wanda zan ba wa ya kai maka.

Yau shekara goma sha huɗu da wata uku rabona da Tudun Marke. Kai ka kai ni bakin titi a kan babur, ka riƙe mini jaka har mota ta zo. Na ce maka umara kawai zan yi, in dawo kafin a yi shuka. An yi shuka sau goma sha huɗu ban dawo ba.

Labarin gida, ni ma a waya nake jin sa, amma bari in ba ka. An yi sadakar arba'in ɗinka, jama'a sun taru har daga ƙetaren kogi. Matarka Hajara tana takaba, ta ce ƙafarta ce ke damunta. Ɗanka Nafi'u ya cire masarar gonar bayan dutse, ya ce ta yi kyau. Makarantar firamaren da ka koyar, iska ta yaye rufin aji biyu. Alhaji Tanko na Gangare, wanda ya kayar da kai a zaɓen kansila, kwana uku yana zaune a wurin makoki. An gaya mini shi ya kawo motarsa aka kai ka asibiti ranar da ka yanke jiki ka faɗi. Na daɗe ina zagin mutumin nan a raina, to wannan kam dole in yaba masa.

Da ake kwashe kayan ɗakinka, Hajara ta sami gwangwanin madara a ƙasan akwatin littattafanka. Nafi'u ya ɗauki hoton abin da ke ciki ya turo mini. Katunan zaɓe ne guda goma sha uku, ɗaure da roba. Nawa ne a sama. Sauran na mutanen da na jawo nan Makka ɗaya bayan ɗaya ne, kowa ya bar maka nasa ajiya kafin ya taho. Me ya sa ka ajiye su, Yaya? An sake rajista, sun daina aiki tun tuni. Me kake jira da su?

Kai ka koya mini ƙaramar hukumarmu, da alli a bangon zaure. Mu ne na ƙarshe a kudancin jiha, daga mu sai iyaka. Ruwa ya fi sauka a wajenmu, ƙasarmu ja ce, duwatsu sun tokare mu ta gabas. Titin kwalta ɗaya ne, ya ratsa ta hedikwata ya wuce abinsa. Ka ce garuruwan bakin titi duk inda gwamnati ta sa gaba nan suke bi, don su ke ganin motocinta. Na bayan duwatsu kuwa, ko wa ke mulki, adawa suke yi, don ba su taɓa ganin komai ba. Fulanin rugage sai an gama tatsa suke fitowa layi, mata kuma su ne na farko, su dangwala su koma kan tukunya. Kiristocin gindin dutse a coci suke tsayar da magana, kuma in sun ce maka e, to e ɗin ce.

Mazaɓarmu kogi ya raba ta biyu: mu a tudu, mutanen Gangare a fadama. Ba ruwan kowa da jam'iyya, ɗan tudu na tudu yake zaɓa, ɗan fadama na fadama. Ka sha faɗa cewa a yawan gidaje mun fi su, amma kullum su ke ci, kuma ka gano dalili. Zaɓe da rani ake yi. Da rani ɗan Gangare yana gida yana ban-ruwan tumatir da albasa. Ɗan tudu kuwa da an kai amfani rumbu ya ɗaura jaka sai ci-rani, wani Kano, wani Legas, wani Fatakwal. Ranar ƙuri'a tsofaffi da mata ne a rumfarmu. Shi ya sa da ka fito takara ba ka yi ta rabon atamfa ba, waya ka yi ta bugawa kana kiran mutane gida. Kuma sun zo. Ɗan tudu bai taɓa kusantar kujerar nan kamar kai ba.

A wurare da yawa sakamakon kansila rubuta shi kawai ake yi, kowa ya sani. Amma a mazaɓarmu a shekarar an ƙirga a gaban jama'a, wakilinka ma ya sa hannu. Ka faɗi da ƙuri'a tara. A ranar mu goma sha uku ne 'yan Tudun Marke a ɗaki biyu a bayan unguwar Shisha a nan Makka, muna kwana kai da ƙafa.

Na ji cewa ana gobe zaɓe wasu matasa sun zo sun ce ka ba su katunanmu, akwai masu dangwala mana. Ka ce wanda ba ya nan ba ya nan. Da labarin ya zo mini, wauta na kira abin. Har yau ban san ko ni zan iya abin da ka yi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wata huɗu kafin zaɓen ka kira ni, ka ce in gaya wa mutanenmu ko rabinsu ne su daure su dawo. Na ce sai bayan Hajji. Bayan Hajji ka sake kira, na ce maka na yi musu magana sun ƙi. Yaya, ban yi wa ko mutum ɗaya magana ba. Na riga na yi wa wani mai kwangilar abinci alkawarin hannu goma sha uku, mu yi masa wankin tukwane a Arfa da kwashe shara a Muzdalifa, bayan nan kuma ya riƙe mu a ɗakin girkinsa na masu umara. Ni ne shugabansu, a kaina suke samun aiki, ni ma a kansu nake ci. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, ko ɗaya. Wanda ya fita, an ɗauki zanen yatsunsa, shi da ƙasar nan sai wani ikon Allah. Wataƙila da na gaya musu da sun ƙi ɗin da gaske. Wataƙila da biyar sun yarda, ka faɗi da huɗu. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ban tambaye su ba, kuma na bar ka kana jin haushin mutanen da ba su san an aiko ba. Uku daga cikinsu sun mutu a nan ba ka ƙara gaisawa da su ba.

Ɗakin shan maganin da aka ware wa mazaɓarmu, Alhaji Tanko ya kai shi Gangare. Da kai ka ci a tudu za ka sa shi, don haka ba zan ce ya yi zalunci ba. Amma duk macen tudu da naƙuda ta kama da damina, aka ɗora ta a kwalekwale, ina jin labarin a nan, kuma ina sanin inda ƙuri'a taran nan suka kwana.

Kada ka zaci wani abu na zama. Gashina ya yi fari a kan tukunyar kabsa, shinkafar Larabawa. In na hango motar 'yan sanda, lungu nake shigewa kamar ɓarawo, ga jikoki da ban taɓa ɗauka ba. Ina ganin hasumiyar Harami daga kan rufinmu, amma lokacin Hajji ko kusa ba na iya zuwa sai a bayan motar kaya. Mutanen ƙasar nan akwai na kirki, wani tsoho a unguwarmu shekara shida yana biya mini kuɗin maganin hawan jini bai taɓa tambayar takardata ba. Akwai kuma wanda zai kira ka takari, wato baƙin baƙo, yana toshe hanci. Haka ko'ina yake.

Kwana biyu bayan arba'in ɗinka Nafi'u ya kira ni. Ya ce noma ba ya riƙe gida, in nemo masa hanya ya taho, shi da abokansa biyu. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, ba zan ce bai san abin da yake faɗa ba. Kuma zan iya, hanyar ba ta toshe ba, na san masu yi. Na ce ya ba ni mako guda. A makon ne hoton gwangwanin ya zo. In na ɗauko Nafi'u, wa zai zauna a zaurenka? Katinsa kuma wa zai bar wa ajiya?

Na kira shi na ce a'a. Ya yi fushi, ya ce ni da na tsira nake rufe wa wasu ƙofa. Ban yi masa musu ba. Na ce ya jira ya gan ni da idonsa, sannan ya faɗa mini ko tsira ce. Daga nan na bi mutanenmu ɗaya ɗaya na isar da saƙonka, shekara goma sha ɗaya bayan ka ba ni shi. Na gaya musu ƙaryar da na yi da sunansu. Wani ya zage ni, Malam Isa kuwa ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Bayan sallar Juma'a mai zuwa za mu miƙa kanmu a tarhil, inda ake tsare marasa takarda kafin a mayar da su gida. An ce ana iya yin makonni a ciki. In mun isa, za mu sake rajista a rumfar firamare.

Ga lissafin, tunda kai mai son a ƙirga a gaban jama'a ne. Mu goma sha uku ne. Uku suna kwance a maƙabartar nan. Biyu an kama su tun da daɗewa, daga filin jirgi suka wuce Legas, ba su koma tudu ba. Huɗu sun yi aure a nan, 'ya'yansu Larabci suke amsa musu, sun ce ba za su iya ba, ban kuma ga laifinsu ba. Uku sun yarda. Da ni huɗu. In ka sa Nafi'u da na hana fitowa, biyar. Abin da na iya tserarwa ke nan, Yaya. Bai kai tara ba.

Na ce wa Hajara kada ta yar da gwangwanin. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini in ana yafewa daga can.

Ƙaninka da ya riƙe saƙo,
Hamisu
Shisha, Makka